Keken tsakuwa na gwanjo a kan jar ƙasar Ngaundere

In kana da mai gyaran keke mai haƙuri, kana kuma da wani a Duwala ko Yawunde da zai riƙa sako maka kayan gyara a jirgin ƙasa, to sayi irin keken nan, ba za ka yi da-na-sani ba. In ba ka da ko ɗaya daga cikinsu, ka kalle shi, ka yaba, ka wuce abinka.

Keken da nake magana a kai shi ne wanda ake kira keken tsakuwa. Kansa a lanƙwashe yake kamar ƙahon rago, irin na masu tsere, amma tayarsa ta fi tasu kauri, kuma tana da ƴan haƙora. Nawa gwanjo ne, na same shi a wani shago kusa da ƙaramar kasuwa, cikin kayan da suka shigo ta tashar ruwan Duwala. Kuɗin ba zan faɗa ba, don uwargida tana leƙa abin da nake rubutawa. Mai shagon ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa: Turawa suna gudu da irinsa a kwarin duwatsun Alps, cikin dogayen itatuwa, a kan hanyoyin da motocin ɗaukar katako suke bi, tsakuwa a shimfiɗe sumul, ga alluna a kowace mararraba. Don irin wannan hanya aka ƙera shi. Mu kuwa abin da muke da shi burji ne da gargada da ƙaya da shanu.

Sai dai Ngaundere ba ta rasa tudu ba. Garin yana sama da mita 1,000, shi ya sa sanyin asubarsa daban yake da na Garwa, kuma duk inda ka nufa sai ka hau ko ka gangara. A nan keken ya fara biyan kuɗinsa. Giyarsa ta gaba guda ɗaya ce mai haƙori 40, ta baya kuma faifai 11 ne, daga mai haƙori 11 zuwa mai 42. In ka sa babban faifan, juyin feda ɗaya kusan juyin taya ɗaya ne. Hawan da ke kai mutum bakin tafkin Tizon, wanda da tsohon kekena sai na sauka na tura, yanzu a zaune nake gama shi, ina haki dai amma ban sa ƙafa ƙasa ba.

Hanyar da ta fi nuna halinsa ita ce ta Tello, wadda ake bi ta wajen Belel, tafiyar kusan kilomita 50. Da rani jar ƙasar nan tana daskarewa ta yi tauri, keken kuwa sai ya riƙa cin ta ba ƙara, sai sautin tsakuwa a ƙarƙashin taya. Kana cikin fili da ciyawa busasshiya da garken gudali, can sai hanya ta sunkuya cikin kwari, kurmi ya rufe ka, iska ta yi sanyi nan take, ƙasa ta yi laushi, ka tsallake rafi a kan ƴar gada, sannan hawa ya tare ka a ɗaya gefen. Haka ake ta yi. Wanda ya ga bidiyon mai shago ya ce ba mu da irin wannan wuri, bai shiga waɗannan kwaruruka ba. A Tello ɗin ma akwai babban kogo a bayan ruwan da ke zubowa, mutum yana iya tsayawa ciki. Keken kuwa a sama ake barinsa, don gangaren ƙarshe na ƙafa ne.

Gargada ce ba ya so. Ba shi da sifirin ko ɗaya, ba gaba ba baya, saboda haka duk abin da hanya ta yi, tafin hannunka ne zai ji. Maganin yana cikin iskar taya. Faɗin tayar milimita 40 ne, kuma ba ta son a cika ta tam. Masu facinmu sun saba su buga iska har taya ta zama dutse, don haka keken dako yake so. In aka yi wa wannan haka, kafin ka yi nisa yatsunka sun mutu. Rage iskar har babban yatsa ya ɗan lotsa ta in ka danna da ƙarfi, sai ka ji kamar an canza maka keke.

To, ga inda gizo ke saƙa. Bawul ɗinsa siriri ne, mai ɗan ƙusa a kai da ake warwarewa, famfon mai faci na bakin titi ba ya kama shi. Sai ka riƙe ƴar mahaɗar tagulla a aljihu, ko ka ɗaura famfonka a jikin keken. Taya ta fi wannan ciwo. Ana kiran girmanta 28, tsofaffin kekunanmu na ƙarfe masu kariya su ma 28 ake ce musu, amma bakin wilin wancan milimita 635 ne, na wannan 622. Ba sa shiga juna. Ta kekunan dutse mai lamba 26, wadda ta cika kasuwa, ta yi ƙanƙanta da nisa. Sarƙa ma haka: mai giya 11 ta fi ta kasuwa siranta, in ka sa ta kasuwa za ta riƙa goga maƙwabcin faifai tana tsalle. Da na kai wa dattijon da ke mini gyara tun ina yaro, sai ya ɗaga keken da hannu ɗaya, ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa jikin da sifana, ya ce, "Ɗana, wannan in ya karye kada ka kawo mini. Alminiyom ne, mai walda ba zai taɓa shi ba." Na ce, "To Baba, me za ka iya masa?" Ya ce wayar birki da giris da daidaita wili, sauran kuma in nemo in kawo.

Gaskiyarsa ce, kuma ita ta sa na gode wa Allah da birkina na waya ne. Birkin faifai, irin na keken nan mai kama wani faifan ƙarfe a tsakiyar wili, iri biyu ne, mai waya da mai mai. Mai mai ya fi kamawa da taushi a hannu, amma ranar da ya yi yoyo a hanyar Ngaundaba ba wanda zai taimake ka. Kuma na kamfanin Shimano man ma'adini yake sha, in wani ya ɗura masa man birkin mota, robobin ciki sun lalace ke nan. Nawa na gwada shi a gangaren Falez, kan titin Garwa wajen Mbe, inda manyan motoci ke saukowa suna warin birki. Ya riƙe ni a kowace kwana. Faifan ya yi zafin da ba a taɓawa, amma bai saki ba. Ban dai ba kowa shawarar bin wannan titi don nishaɗi ba, tireloli ba sa ganin mai keke.

Ƙaya kuwa ba ta jin kunyar keken Turai. A can suna cire tif su zuba wani farin ruwa mai danƙo a cikin taya, wanda ke toshe huda da kansa. Ruwan yana bushewa bayan wasu watanni, a zafi ma ya fi saurin bushewa, kuma ban same shi a kasuwarmu ba. Na koma tif da faci irin na kowa. Wurin da ya fi huda taya shi ne inda aka kauce wa babbar hanya aka bi burtali.

Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, labarin ya canza. Laka tana cushewa tsakanin taya da ƙarfen keken har wili ya ƙi juyawa, sai ka nemi tsinke kana ƙwaƙulewa. Ba shi da murfin taya, don haka jan layi zai hau bayan rigarka tun daga ƙugu har ƙeya. A waɗannan watanni na fi bin kwalta zuwa kogin Vina, kan hanyar Meiganga, kusan kilomita 15, ko in yi arewa zuwa Dang wajen jami'a in dawo.

Shagon kansa ba laifi. Mai shi bai ɓoye mini cewa sarƙar ta ci aiki ba, ya kuma bar ni na zaga unguwa da keken kafin mu yi ciniki. Inda ya gaza, ba ya ajiye kayan gyaran abin da yake sayarwa ko ƙwaya ɗaya, kuma alkawarin tayar da ya yi mini tun lokacin hazo har yau ana jiran kwantena. In za ka saya, duba jikin keken a rana, musamman wuraren walda a wuya da ƙarƙashin feda, ko akwai tsaga siririya. Juya wili ka ga ko yana rawa. Sannan ka sa taya ɗaya da tif biyu da sarƙa a cikin cinikin, a miƙo maka su a hannu kafin ka ƙirga masa kuɗi.