Madhubala ko Meena Kumari, wace ce ta fi iya wasa?

Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata 'yar uwa ta tambaya: tsakanin jaruman fina-finan Indiya Madhubala da Meena Kumari wace ce ta fi ƙwarewa, domin abin da take ji a bakin mutane shi ne ɗaya kyau gare ta, ɗaya kuma kuka ta iya. 'Yar uwa, wannan magana ta daɗe tana yawo, kuma ta tauye wa dukkansu haƙƙi. Ni dai Meena nake sawa a gaba, amma tazarar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba.

Sa'o'in juna ne, duk a 1933 aka haife su. Madhubala ranar 14 ga Fabrairu a Delhi, sunanta na yanka Mumtaz Jehan Begum. Meena kuwa 1 ga Agusta a Bombay, sunanta Mahjabeen Bano. Dukkansu 'ya'yan Musulmi ne, daga gidajen da ba su da ƙarfi, kuma tun ba su cika shekara goma ba suka zama su ne masu kawo na cefane. Meena ta fara fitowa a 1939 a hannun darakta Vijay Bhatt, Madhubala kuma a fim ɗin Basant na 1942. Akwai ma mutum ɗaya da ya ratsa rayuwarsu su biyu, wato Kamal Amrohi. Shi ya ba da umarnin Mahal a 1949, fim ɗin da ya ɗaga Madhubala tana 'yar shekara 16, kuma shi ne ya auri Meena a 1952.

Kyawun Madhubala shi ya rufe wa mutane ido daga ganin aikinta. Ki nemi Chalti Ka Naam Gaadi na 1958, inda motarta ta lalace cikin dare ana tafka ruwa, ta shigo garejin Kishore Kumar jiƙe sharkaf tana faɗa. Ki lura da yadda take danne dariya a gefen baki alhali tana nuna fushi. Barkwanci yana buƙatar sanin daidai lokacin da za a yi shiru da lokacin da za a saki murmushi, kuma a matan zamaninta ban ga wadda ta kama ƙafarta a nan ba. Haka ta yi a Mr. & Mrs. '55 tare da Guru Dutt. Meena ma ta taɓa barkwanci, a Azaad na 1955 da Kohinoor na 1960, ta kuma yi abin yabo, sai dai kana gani ka san ba filinta ba ne.

Sai Mughal-e-Azam, wanda K. Asif ya kwashe shekaru yana haɗawa har ya fita a Agustan 1960. A nan Madhubala ta fito a matsayin Anarkali, kuyanga mai rawa a fadar Sarki Akbar wadda Yarima Salim ya kamu da sonta. Akwai wurin da Dilip Kumar, wanda ya fito a matsayin Salim, yake shafa mata gashin tsuntsu a fuska, babu wanda ya ce uffan, sai muryar mawaƙi Bade Ghulam Ali Khan daga nesa. Fuskarta kaɗai ke aiki: idanu su lumshe, su buɗe, kunya ta zo, tsoro ya biyo baya. A lokacin da aka ɗauki wannan wurin, ita da Dilip ko gaisuwa ba sa yi. Soyayyarsu ta riga ta watse a kan rigimar fim ɗin Naya Daur, lokacin da mahaifinta Ataullah Khan ya hana ta bin ayarin ɗaukar fim zuwa wajen Bombay, mai fim ɗin, B. R. Chopra, ya shigar da ƙara, Dilip ya ba da shaida a ɓangaren Chopra, aka maye gurbinta da Vyjayanthimala. Wadda za ta kalli mutumin da ba sa ga maciji da juna da irin wannan kallo, ba a ce mata kyau kawai gare ta.

Kuma duk wannan da ciwo a ƙirjinta take yi. An haife ta da huji a zuciya, aka gano a 1954 lokacin da ta yi aman jini tana aiki a Madras. Da wannan jikin ta ja sarƙoƙin ƙarfe na gaske a wuraren kurkuku na Mughal-e-Azam. Abin da ke ba ni tausayi shi ne ko sau ɗaya ba ta samu Filmfare, babbar lambar yabo ta fina-finan Indiya, ba. An sa sunanta saboda Anarkali, Bina Rai ta lashe. Bayan aurenta da Kishore Kumar a 1960 jiki ya yi tsanani, ta shafe mafi yawan sauran shekarunta a kwance, har rai ya yi halinsa ranar 23 ga Fabrairu 1969 tana da shekara 36. Ke nan aikinta na girma shekara goma sha wani abu ne kawai.

To me ya sa duk da haka na ce Meena? Saboda murya, da kuma yadda take zama cikin halin da aka ba ta har ka manta da sunanta. Ita ce mace ta farko da aka ba Filmfare ta gwarzuwar jaruma, a 1954, saboda Baiju Bawra. Ta sake ɗauka da Parineeta na Bimal Roy, sai Sahib Bibi Aur Ghulam, sai Kaajal, huɗu ke nan. A bikin 1963 gurabe uku aka ware na jaruma, dukkan ukun sunanta ne a fina-finai daban-daban.

Amma ajiye lambobin, ki kalli Sahib Bibi Aur Ghulam na 1962 da idonki. Labarin gidan wasu attajirai ne masu gonaki a Kalkata, a ƙarshen ƙarni na 19. Meena ce matar ƙaramin ɗan gidan, mijinta kullum yana can wajen 'yan rawa yana kwankwaɗar barasa, ita tana ɗaki ta ci ado babu mai gani. Kafin a nuna fuskarta ƙafafunta ake fara nunawa, sai muryar ta biyo, a hankali, kamar mai tsoron bango ya ji. Da ta roƙi mijin ya kwana a gida, sai ya gindaya mata sharaɗin ta sha tare da shi. Ki kalli hannunta lokacin da ta karɓi kofin farko, sannan ki kalli yadda muryar ke sauyawa daga fitowa zuwa fitowa, daga ladabin amarya zuwa nauyin harshe na wadda abin ya kama. Babu ihu, babu birgima. Duk macen da ta taɓa zaman jiran miji har asuba za ta gane wannan matar, ko da ba ta jin kalma ɗaya ta Indiyanci.

Muryar nan daga waƙe ta samo tarbiyya. Meena marubuciyar waƙoƙin Urdu ce, tana sa hannu da sunan Naaz, har ta yi faifai a 1971 tana rera baitocinta da kiɗan Khayyam. Shi ya sa take furta kalma tana ba kowane gaɓa haƙƙinsa. Hannunta na hagu ma da ya samu lahani a hatsarin mota a 1951, shekara da shekaru tana ɓoye shi cikin mayafi a gaban kyamara, 'yan kallo ba su lura ba.

Ƙarshenta ya yi kama da na matar da ta fito a matsayinta a Sahib Bibi Aur Ghulam, abin da ba na jin daɗin tunawa. Ta rabu da Amrohi a 1964, barasa ta lalata mata hanta, aka kai ta Landan neman magani a 1968. Fim ɗin Pakeezah da ita da Amrohi suka fara tun shekarun 1950 suka ajiye, da wannan jikin ta dawo ta ƙarasa shi, har sai da Padma Khanna ta tsaya mata a wasu wuraren rawa. Fim ɗin ya fita a Fabrairun 1972, ita kuma ta rasu 31 ga Maris tana da shekara 38. Allah Ya gafarta musu su duka.

Inda Meena ta ƙara yi wa Madhubala zarra shi ne ta samu damar sauya fata. A Mere Apne na 1971, fim na farko da Gulzar ya ba da umarni, tsohuwa ta fito mai furfura tana ba 'yan daba abinci, alhali ba ta kai arba'in ba. Ciwo bai bar Madhubala ta kai wannan matakin ba.

Shawarata, 'yar uwa, ki fara da Chalti Ka Naam Gaadi, ki bi da Mughal-e-Azam, wanda aka sake fitarwa da kala a 2004, sannan Sahib Bibi Aur Ghulam, ki rufe da Pakeezah. Na Meena kam kada ki kalli wanda aka ɗora wa fassara a kan murya. Ki nemi mai rubutu a ƙasa, ki ji ta da bakinta, sai ki dawo zaure ki faɗa mana wadda kika zaɓa.