AdSense ko tallan 'yan kasuwa: wanne ya dace da shafinka?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Shafinka na labaran Hausa ya fara samun masu karatu, kana so ka san ko AdSense, tsarin Google na sa talla a shafuka, za ka nema ko ka bi 'yan kasuwa su ba ka talla kai-tsaye, ga shi kuma wani ya gayyace ka rukunin WhatsApp na masu danna wa juna talla, wato "danna min in danna maka". Duka biyun na taɓa, bari in ajiye maka su gefe da gefe.

Ta fuskar wahala, AdSense ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Tun 2003 Google ke gudanar da shi, shi ke nemo masu talla, kai naka kawai ka ware musu gurbi. Idan kuɗinka ya kai dala 10 za a aiko maka da lambar tantance adireshi ta gidan waya, ba kuma za a biya ka ba sai ya kai dala 100, tsakanin 21 da 26 ga wata. Tallan kai-tsaye kuwa sai ka sa takalmi. Ka je Kantin Kwari wurin mai shadda, ka leƙa Farm Centre wurin masu waya, ka yi ciniki, wata ya ƙare ka bi bashi. Amma abin da kuka shirya naka ne cif, a naira, babu mai yanka.

Akwai wani abu da yawancinmu ba ma dubawa kafin mu nema: duk sanda na duba jerin harsunan da AdSense ya amince da su, akwai Larabci da Faransanci da Ingilishi, amma babu Hausa. Saboda haka shafin Hausa zalla a kan siraɗi yake tun daga farko. Mai shadda kuwa Hausar ce ma ta kawo shi wurinka.

Yanzu ga maganar da ta fi tsaya min a rai. Don Allah kada ka shiga rukunin WhatsApp ɗin nan. Duk dannawar da ba ta fito daga mai son kayan da gaske ba, Google na lissafa ta a matsayin ta bogi: ka danna da kanka, ka sa ƙannenka su danna, ka rubuta "ku taɓa talla don ku taimaka mana", ko ka sayi baƙin bogi daga masu sayar da mutum-mutumi, wato manhajojin da ke shiga shafi kamar mutane. Har matsa talla jikin maɓallin saukar da fayil don yatsa ya kuskure yana ciki. Hukuncin hawa-hawa ne: a cire kuɗin, a rage tallan da ke fitowa, a dakatar da kai, ko a rufe asusun baki ɗaya a mayar wa masu talla kuɗinsu. Kuma tun 2024 AdSense ya koma biya bisa yawan ganin talla, to ka ga ma wahalar dannawar ba ta kai haɗarinta ba. Bayan wannan, kuɗin nan fa na wani bawan Allah ne da ya biya don a ga hajarsa. Cin sa ta wannan hanya ha'inci ne, ko an kama ka ko ba a kama ka ba.

Wani lokacin ma ba laifinka ba ne. Na taɓa tashi sallar asuba na duba waya, na ga dannawa ta yi tsalle cikin dare alhali masu karatu ba su ƙaru ba, kusan duk a kan shafi guda. Hannuna na rawa na cire tallan daga shafin, na duba Google Analytics, mai nuna alƙaluman masu shiga shafi, na ga daga wuri ɗaya masu dannawar suke zuwa, na toshe su ta Cloudflare, mai tsaron shafi, sannan na cike fom ɗin kai rahoton dannawar bogi. Mai hassada na iya yi maka wannan da gangan. A tallan kai-tsaye ba shi da wannan makami, tunda kuɗin wata aka biya ka, ba na dannawa ba.

Sai dai can ma akwai tasa jarrabawar, kuma a kanka take: kada ka kumbura wa ɗan kasuwa yawan masu karatunka. Buɗe masa alƙaluman a wayarka ya gani da idonsa. Kuma kai ne mai tace abin da ka ɗora, maganin da ba shi da lambar NAFDAC kada ya hau shafinka ko nawa za a ba ka. A AdSense tacewar ta maɓalli ce, ka shiga ka toshe rukunin caca da giya da na neman abokan soyayya.

A matsayinka na mai shafin Hausa zalla, ni dai da 'yan kasuwa biyu ko uku zan fara. In daga baya ka buɗe sashen Ingilishi, sai ka nemi AdSense a kansa, ka sa fayil ɗin ads.txt mai nuna waɗanda ka ba izinin sayar da talla a shafinka, ka kuma gaya wa mutanen gidanku tun ranar farko cewa kowa ya karanta, amma kada wanda ya taɓa talla.