Gwaji a ɗakin bincike ko lissafi a kwamfuta?

Ɗalibai masu shirin digiri na biyu a Ngaundere da Marwa, a arewacin Kamaru, suna yawan tambayata: bincike kan gogayya da cinyewar ƙarfe, a yi shi da gwaji ko a kwamfuta?

Gwaji na cin kuɗi. Na'urar da ke goga sandar ƙarfe a kan faifai mai juyawa ba ko'ina ake samunta ba, ga sikeli mai auna miligiram, ga ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki. Amma a nan ne yankinmu yake da abin cewa. Man auduga irin na kamfanin auduga na SODECOTON zai iya maye gurbin man inji? Santsi yana da shi, sai dai zafi na saurin lalata shi. Ƙurar hunturu fa, yaya take cinye fistan babur? Waɗannan sai an auna, kuma ni nan zuciyata ta fi karkata.

Kwamfuta ta fi araha: manhajar lissafin injiniya ta ANSYS ta ɗalibai kyauta ce, ga ƙa'idar Archard ta 1953 ta lissafa cinyewar ƙarfe. Haɗarin shi ne lambar saurin cinyewar ƙarfe da za ka saka a lissafin daga gwajin wani take fitowa.

Wanda malaminsa ke da na'ura, ya yi gwaji. Mai ƙarfin lissafi da ƙaramin aljihu, kwamfuta ta fi dacewa da shi.