Injiniyoyin da suka mana aikin wuta a injin shinkafa, ga abin da na gani

Salam jama'a. Masu ta kirana suna tambayar su waye suka haɗa mana wuta da fanel a injin shinkafar kawuna da ke nan gefen Kura, kuma ko in ba da shawara a ɗauke su, bari in amsa gaba ɗaya kowa ya huta. Sunansu dai ba zan sa a nan ba, amma yanda aikin ya tafi zan faɗa tsakani da Allah, da mai daɗin da mara daɗin.

Eh ku ɗauke su. Sai dai ku sani ba kebul da bireka kuke biya wa kuɗin ba, waɗannan kowa zai iya shiga Sabon Gari ya siyo, ogansu kuke biya da yanda yake tafi da yaransa.

Duk wanda ya san yankinmu ya san shanshera ba ta yanke mana, tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 ruwa ke bin kanal ta Bunkure da Garun Malam da Kura, rani da damina noma ake. Abin da ke kashe ƙananan injina shi ne haɗin wuta na je-ka-na-yi-ka, mai gyaran wutar gida ne zai haɗa maka moto mai doki hamsin, layi ɗaya cikin layukan wuta uku da babban moto ke aiki da su ya ɗauke, moton ya ci gaba da gurnani a kan biyu har ya ƙone, a kwashe a kai naɗin koyil, sati na zagayowa a maimaita.

Shi wannan injiniyan kashi uku ya raba yaransa. Akwai 'yan wuta, su ke da taransifoma da ke sauko da 33kV zuwa 415V, da canjoba da janareta da wayar ƙasa. Akwai yaro ɗaya shiru-shiru mai laftof, shi ke rubuta wa PLC ɗin Siemens S7-1200 umarni, wato ƙwaƙwalwar da ke cewa wannan ya tashi kafin wancan, kar elebeta ta yi ta zuba shanshera alhali na'urar ɓarewa ba ta tashi ba. Sai 'yan awo, masu sa PT100, wato na'urar auna zafi, a tankin jiƙa da gejin firesha a tukunyar tururi. Kullum da safe kafin kowa ya taɓa sukundireba sai sun tsaya a gindin darbejiyar bakin get, kowane kashi ya faɗi inda zai yi aiki yau da layin da yake so a kashe masa, minti kaɗan ne amma wlh ban taɓa ganin biyu daga ciki sun yi karo a kan waya ɗaya ba.

Maganar kwaɗo ce ta fi tsaya min a rai. Kowane yaro da nasa kwaɗon, in zai shiga fanel sai ya kashe bireka ya garƙame ya jefa makullin a aljihu. Ranar nan tirela ta sauke kaya, masu gumi na jira, kawu ya gaji ya je ya same shi yace, "Injiniya dan girman Allah a kunna mana ko na awa ɗaya ne." Ya rusuna yace, "Ranka ya daɗe Alhaji ka yi haƙuri, yarona na cikin fanel ɗin baya, ga kwaɗonsa a jiki, ko ni ban isa in cire ba sai ya fito da ƙafarsa." Ran kawu bai so ba, amma haka aka jira. Mutumin da zai iya faɗa wa mai biyansa haka saboda ran yaronsa, ni na yarda da aikinsa ko ban buɗe fanel ba.

Na kuma buɗe ɗin. Kowace waya da lambarta a kai da kai, lambar nan ita ce a zane, ba sai ka bi waya da yatsa kana lalube ba. Kafin su saki wuta sai da suka gwada kowane kebul da mega, na'urar da ke nuna ko rigar waya na yoyon wuta, sannan suka bi na'urorin awo ɗaya bayan ɗaya, wani na can jikin tanki wani na gaban allo suna magana ta waya. A nan ɗaya daga cikinsu ya min bayanin da ya sa siginar na'urorin awon ke tafiya daga 4 zuwa 20mA, wato ma'aunin 'yar ƙaramar wutar da ke kai saƙon, ba daga sifili ba, yace in ka ga sifili to waya ce ta tsinke, ba wai ruwan ne ya huce ba, kaga kenan allon ba zai yi maka ƙarya kana tsaka da jiƙa shinkafar mutane ba. Manyan motocin sun sa musu sta-delta, wato haɗin da ke tada moto a hankali, tunda moto in ya tashi kai tsaye yana jan wuta wajen ninki shida, wannan kuma na rage ta zuwa kashi ɗaya cikin uku, janaretan ya daina durƙusawa. Bulowa, wato fankar hura iska, kuma VFD suka sa mata, na'urar sarrafa gudun moto, a riƙa rage gudu, da tsadar dizal da kuɗin wutar Band A, wato rukunin masu samun wuta mafi yawa, da ya kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, wannan ba ƙaramin abu bane. Na'urar da ke kashe komai in layi ɗaya ya ɗauke ita ma tana ciki, tun daga nan ba mu sake jin ƙaurin koyil ba, Alhamdulillah.

Takardu ma ba wasa, ya nuna mana rajistarsa ta COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, kuma bai yarda a jona taransifoma ba sai da NEMSA, hukumar duba ingancin haɗin wuta, suka zo suka duba aka kammala da kamfanin raba wuta na KEDCO.

To yanzu inda suka ɓata min. Na farko lokaci, sun wuce ranar alkawari sosai, wani ɓangaren jiran kaya ne daga Legas na yarda, amma babban dalilin shi ne komai a wuyan oga yake, da ya tafi duba wani aikinsu wajen Haɗejia yaran nan ko inda za a bi da tiren kebul ba za su yanke ba sai an same shi a waya, shi kuma layinsa ba ya shiga, a wuni a zaune. Mutum mai iya tsari irin wannan ya kamata ace yana da mataimaki da ya sakar wa hannu, na faɗa masa ido da ido.

Sai ƙura. Ba su lissafa da ƙurar ɓuntu ba, ga hazo, matatar fankar fanel ta toshe, da zafin Afrilu ya shigo VFD ta dinga kashe kanta da rana tsaka. Sun dawo sun toshe ɗakin sun canja matata ba su karɓi ko sisi ba, hakkinsu ne in faɗa, amma mun yi asarar aiki kafin nan. Kwafin umarnin PLC da lambar sirrinsa kuwa sai da na dinga bibiya kafin a ba ni a filas, dan haka wanda zai ba su aiki ya sa wannan a rubuce cikin yarjejeniya tun farko, tare da zanen wayoyin da koya wa ofareta, kuma ya riƙe wani abu daga cikon kuɗin sai injin ya ga zafin bazara.

Bayan girbi za su dawo su jona mana na'urar tsince baƙi da tsakuwa. Na riga na gaya wa injiniya wannan karon rubutun allon da Hausa muke so, ofaretanmu Malam ne mai karatun allo da boko kaɗan, bai kamata ƙararrawa na kuka yana neman wanda zai karanta masa abin da ya lalace ba. Yace yaron laftof zai iya, sai dai in zauna da shi mu rubuta saƙonnin tare.