Muse 2 a ofis: kambun da ke sauraron ƙwaƙwalwa, da iyakar abin da zai yi wa ma'aikata

Muse 2 siririn kambu ne da ake ɗorawa a goshi, ƙafafunsa biyu su sauka bayan kunnuwa kamar na tabarau. Kamfanin InteraXon na birnin Toronto a Kanada ne ke ƙera shi. Muse na farko ya fito a 2014, wannan kuma a 2018, kuma a lokacin kuɗinsa a wajen kamfanin kusan dala 250 ne, ban da na dako da na kwastan. Masu shirya wa ma'aikatu tsarin walwalar ma'aikata suna son sa, domin yana ba su abin da lacca ba ta bayarwa, wato lamba a fuskar waya da za a nuna wa manaja a ce ga shaida, kimiyyar ƙwaƙwalwa ce. Daga nan sai a ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa: zai rage gajiya, zai hana ma'aikata ajiye aiki.

A matsayinsa na na'ura ba na bogi ba ne. Yana da wurare bakwai da ke taɓa fata: biyu a gefunan goshi, biyu na roba mai ɗaukar lantarki a bayan kunnuwa, sai uku a tsakiyar goshi waɗanda ake gwada sauran da su. Ma'ana hanyoyi huɗu ne kacal yake ɗauko lantarkin ƙwaƙwalwa, abin da likitoci ke kira EEG, alhali na asibiti yakan kai ashirin ko fiye. Akwai kuma ɗan haske mai auna bugun zuciya da abin da ke gane motsin kai. Yana aika komai zuwa waya ta Bluetooth. A 2017 Olav Krigolson da abokan aikinsa na Jami'ar Victoria sun nuna cewa da kambun Muse ana iya kama wasu sanannun alamomin ƙwaƙwalwa da aka saba aunawa da manyan na'urorin ɗakin bincike. Saboda haka abin da yake ji, na gaske ne.

Zama ɗaya ga yadda yake. A sa kambun, a buɗe manhaja, a jira ta nuna duk wuraren sun kama fata. Sai ta ɗauki kamar minti ɗaya tana auna yadda ƙwaƙwalwar mutum take a wannan lokacin. Bayan haka mutum ya lumshe ido, ya bi numfashinsa, yana jin ƙarar yanayi a kunne. Hankali ya tafi wajen takardar da ba a gama ba, iska da ruwa su tsananta. Hankali ya dawo, su lafa. In natsuwar ta ɗan jima sai tsuntsaye su fara kuka. A ƙarshe ta nuna mintocin da aka yi cikin natsuwa, da na tsaka-tsaki, da na kai-komo, da yawan tsuntsayen da aka samu.

Wannan dabarar ita ce ainihin amfaninsa. Mai koyon tattara hankali babbar matsalarsa ita ce ba ya sanin ya ɓace sai ya yi nisa. Ƙarar iskar tana tsikararsa da wuri. Ga wanda ya gwada zaman shiru ya gaji ya bari, wannan na iya riƙe shi makonni.

Wajen kama fata ne ake shan wahala, kuma a nan ne wasu masu saye ke cewa ya lalace alhali lafiyarsa lau. Lantarkin ƙwaƙwalwa da ke isowa fata bai wuce 'yan gomomin kashi ɗaya cikin miliyan na bolt ba. Ƙifta ido, cije haƙora, haɗiye yawu, ɗaure fuska, kowannensu ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Mai taunar cingam ko goro ba zai samu sakamakon kirki ba. Kambun ba ya amfani da man da ake shafawa a asibiti, danshin fata kawai ya dogara da shi, don haka a lokacin hunturu, da fata ta bushe ta yi furu-furu, sai manhaja ta ƙi wucewa daga matakin farko. Maganin shi ne a jiƙa yatsa da ruwa a shafa a goshi da bayan kunnuwa, a jira kamar minti ɗaya. Basilin da man kaɗanya da hoda mai kauri kuwa shiga tsakani suke yi, sai an goge su. Bayan kunne ya fi goshi gardama: silin gashi kaɗan, ko ƙafar tabarau, ko bakin ɗankwali ya shiga ƙarƙashin robar, shi ke nan. Hula sai an tura ta baya. Mace mai hijabi tana iya sa shi ta ciki, amma tana bukatar ɗaki mai sirri da za ta gyara, kuma ofishin da bai tanadi wannan ba ya riga ya cire wani ɓangare na ma'aikatansa daga tsarin. Abu ɗaya da ya yi dace a kai: da yake goshi da bayan kunne yake taɓawa, kitso da gashi mai cika ba sa hana shi aiki yadda suke hana hulunan EEG masu bin tsakiyar kai. Kada a yi zama waya na jone da caja, ko kusa da abin da ke jan wuta sosai, domin lantarkin gini yana iya shiga cikin awon.

Makin da yake bayarwa shi ne inda ya kamata a yi taka-tsantsan. Kamfanin bai bayyana lissafin da yake bi ya ce wannan natsuwa ce ba. Sannan duk makin zama ɗaya ana gwada shi ne da awon minti ɗayan farko. Wanda ya shiga awon a birkice zai iya fitowa da maki mai yawa, wanda ya shiga a natse ya fito da kaɗan. Mai gyangyaɗi ma yana iya tara tsuntsaye. Kenan makin Litinin da na Alhamis ba ma'auni ɗaya ba ne, balle na mutum biyu. Wani gwaji da Rebecca Acabchuk da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Mindfulness a 2021 ya yi kashedi a kan haka ƙarara: makin kambun bai tafi tare da ci gaban da mutane suka samu ba. Duk ofishin da ya liƙa jerin sunaye a bango wai ga gwarzon natsuwa na wata, ya ƙirƙiro wa mutane sabon abin damuwa ne da kuɗinsa.

Sai babbar tambaya, ko zai sa ma'aikaci ya zauna. A nan hujja ba ta goyon bayan mai talla. A Janairun 2024 William Fleming na Jami'ar Oxford ya wallafa nazarin amsoshin ma'aikata 46,336 daga ma'aikatu 233 a Birtaniya. Waɗanda suka shiga darussan natsuwa, da manhajojin walwala, da horon jure matsi, ba su fi waɗanda ba su shiga ba jin daɗi. Nazarin tambayoyi ne na lokaci ɗaya, ba ya yanke hukunci a kan kowace na'ura, amma girmansa ya isa a saurara.

Abubuwan da aka ga sun motsa lamba suna cikin tsarin aikin ne kansa. A kamfanin Trip.com na China an raba ma'aikata 1,612 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rukuni ɗaya aka bar su su yi kwana biyu a mako suna aiki daga gida. Sakamakon da Nicholas Bloom da abokansa suka fitar a mujallar Nature a 2024 ya nuna ajiye aiki ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, ingancin aiki kuma bai faɗi ba. Binciken Whitehall na biyu, wanda ya fara bin ma'aikatan gwamnati sama da 10,000 a Landan tun 1985, ya gano cewa waɗanda ba su da ta cewa a kan yadda za su yi aikinsu sun fi kamuwa da ciwon zuciya. Barci ma haka. A gwajin Jami'ar Pennsylvania na 2003, mutanen da aka tsare a kan barcin awa shida na kwana 14 hankalinsu ya dushe kamar na wanda ya kwana ɗaya zuwa biyu ido biyu, su kuma suna cewa ba sa jin wani barci sosai. Ma'aikacin da oga ke turo wa saƙo ƙarfe sha ɗaya na dare, ya tashi da asuba ya kama hanya, minti goma da kambu ba za su biya masa wannan bashin ba.

Har wani binciken EEG da ake yawan ambata a wannan fage ma jadawali ya nuna. A 2021 Microsoft ya sa wa mutum 14 hular awo, suka yi taro huɗu na rabin awa a jere, wata rana kuma aka sa hutun minti goma tsakanin kowane biyu. Ba hutu, alamun da ake dangantawa da matsi sai taruwa suke yi. Da hutu, suna sauka. Mutum 14 kaɗan ne, kuma kamfani ne ya binciki abin da ya shafi hajarsa. Amma gwada shi kyauta ne: a cikin saitin kalandar manhajar Outlook ta Microsoft akwai inda ake rage wa kowane taro minti biyar ko goma.

Wanda duk da haka yake son saye, ga yadda zai rage asara. Kada a saya wa kowa. Zama ɗaya da sawa da gogewa yana cin kamar minti 15, don haka kambu biyu a ɗaki mai shiru za su ɗauki mutum 16 cikin awa biyu. A goge wuraren taɓa fata bayan kowane mutum, kowa ya zo da abin sauraronsa na kunne. A ba da lokacin daga cikin awannin aiki, kada a ci na sallah ko na abinci. A bar shi ga mai so. Wasu za su yi ɗari-ɗari da zaman da suke gani ya samo asali daga wani addini, kuma ba aikin manaja ba ne ya shawo kansu. A nuna musu cewa yanayin bin numfashi da ƙarar iska ba shi da wata kalma da ake maimaitawa, sauran nasu ne. A gwada wata uku, a auna da abin da ke da ma'ana: yawan masu dawowa da kansu a mako na takwas, da kwanakin rashin lafiya, da takardun barin aiki.

Asusun manhaja ya zama na ma'aikaci, a wayarsa, da adireshinsa na imel, ba na ofis ba. Bayanan ƙwaƙwalwa sun fara shiga hannun doka: Chile ta sa kariyarsu a tsarin mulkinta a 2021, a 2023 kotun ƙolin ƙasar ta umarci kamfanin Emotiv, mai ƙera irin waɗannan na'urori, ya goge bayanan wani tsohon sanata, jihar Colorado a Amurka ta yi tata dokar a 2024. A Najeriya dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu bukatar tsaro na musamman, kuma yardar da ma'aikaci ya bayar don tsoron oga yarda ce mai rauni. Sashen kula da ma'aikata ya tsaya a kan sanin sau nawa aka yi amfani da ɗakin, ba tare da sunaye ba.