Wasan gudu a waya: wanne ya dace ka sauke?

Mai zaman jiran mota ta cika a tashar Gombe Line ba ya bukatar a gaya masa dalilin da ya sa wasannin gudu suka kama mutane. Ba sai an koya maka ba: ka shafa yatsa, a yi tsalle, ka faɗi, ka sake. Minti biyu ya isa zagaye ɗaya, kuma kullum rai na raya maka cewa wannan karon za ka wuce makin jiya. Sai dai ƙananan itel da Tecno da yawancinmu ke riƙewa ba za su ɗauki duka ba, dole a zaɓa.

Subway Surfers, wanda aka ƙera a Denmak a 2012, shi ne gagarabadau. A 2018 ya zama wasan farko da aka sauke sau biliyan ɗaya a Google Play. Layi uku ne a kan titin jirgin ƙasa, mai gadi da karensa na biye da kai. Da yatsa kawai ake sarrafa shi, saboda haka gargadar hanya ba ta ɓata maka wasa. Launukansa na jan yara sosai, amma fa yana cin wuri da batir, ga talla.

Temple Run ya girme shi, na 2011 ne, na biyun ya fito a 2013. A nan sai kana karkata wayar hagu da dama kafin ka kwashi tsabar zinare. A zaune kan tabarma ya fi Subway Surfers sa bugun zuciya, musamman a kwana mai kaifi, amma a cikin Keke Napep wahala ce. Iyaye su sani tun da wuri: labarinsa na wanda ya sato gunki ne dodanni suka biyo shi. Akwai gidajen da ba za su so hakan ba, kuma da gaskiyarsu.

Ni dai ga babba na fi son Alto's Adventure na 2015. Sulu ne a kan ƙanƙara, da taɓi ɗaya ake yin komai, babu hayaniya.

Wanda wayarsa ta cika maƙil, kada ya goge hotunan biki saboda wasa. Ɗan dabbar nan da ke fitowa a Chrome idan babu intanet, tun 2014 yake nan, taɓa shi kawai za ka yi ya fara tsallake ƙaya.

Ukun farko duk suna tafiya ba data, kuma kashe datar na rage talla, sai dai ka rasa damar kallon talla a tashe ka bayan faɗuwa. In yara ne za su riƙe wayar, shiga saitin Play Store ka sa a riƙa neman kalmar sirri kafin kowace sayayya, musamman in katinka na banki na haɗe da shi.