Zoom ko Moodle: wanne ya fi dacewa da ɗalibin jami'a?

Tun da korona ta rufe jami'o'i a 2020 ake ta muhawara kan yadda za a tsara karatu ta intanet.

Lacca kai-tsaye ta Zoom tana da daɗi: ɗalibi na ganin malami, ya yi tambaya a amsa masa nan take. Sai dai na kyauta yana yankewa bayan minti 40, kuma mutum 100 kawai yake ɗauka, alhali wani ajin 'yan shekarar farko ya ninka haka. Ga cin data. Na ga ƙanwata a jikin katanga, ta ɗaga waya sama tana neman sabis. Kafin ya dawo, malam ya wuce babin.

Shi ya sa na fi karkata ga Moodle, manhajar kyauta da ta fito a 2002. Malami ya ɗora takardu, muryar da ya naɗa da gajerun tambayoyi. Ɗalibi ya sauke lokacin da aka kawo wuta, ya saurara har sau uku in ya so. Matsalarta kaɗaici ne. Marar himma sai ya tara darussa har jarrabawa ta ƙarato, don haka a riƙa haɗuwa ta Zoom ko sau ɗaya a mako.